Kundin aikin kusbara: sinadaran ganye da na 'ya'ya, da iyakar abin da suke iya yi

9 ga Janairu

An fara aikin yau. Abin da muke son tantancewa shi ne: idan aka ce kusbara magani ce, wane sashe nata ake nufi, wane sinadari ne ke yin aikin, kuma nawa ne daga cikinsa yake isa jikin mai sha. Sunanta na kimiyya Coriandrum sativum, 'yar dangin karas da faski da shammar. Ganyenta da 'ya'yanta daga tushe ɗaya suke fitowa, amma duk wanda ya murza ganyen a yatsa ya shinshina, sannan ya fasa busasshen ɗa ya shinshina, ya san ba abu ɗaya ke cikinsu ba. Don haka muka raba aikin gida uku: man ƙamshi na 'ya'ya, wato wanda ke tashi da tururi, man maiƙo na 'ya'ya, wanda ba ya tashi, da sinadaran ganye.

Busassun 'ya'ya iri biyu muke da su, kilo biyu kowanne: manya masu faɗin milimita 3 zuwa 5, da ƙanana waɗanda ba su wuce milimita 3 ba. An tankaɗe su da rariya, an tsince itatuwa da tsakuwa, an zuba a kwalabe masu duhu. Gobe za a shuka ƙananan a tukwane 20, zurfin santimita 1 zuwa 2. Abin da ake kira ƙwaya ɗaya a zahiri ɓari biyu ne a manne, kowane ɓari da irinsa, shi ya sa ake ɗan murza su su rabu kafin shuka. Ba za a yi dashe ba, domin saiwarta guda ce mai nutsawa ƙasa, kuma idan aka taɓa ta tsiron yakan yi saurin fure ya bar ganye.

Ba za mu auna danshin 'ya'yan a tanda a digiri 105 ba. A wannan zafin man ƙamshi ma yana gudu tare da ruwa, sai a lissafta shi a matsayin danshi. Za a auna da hanyar tafasawa da tolwin, wani ruwan sinadari da ba ya gauraya da ruwa.

16 ga Janairu

Tatsar farko da na'urar Clevenger, wadda ke fitar da man ƙamshi da tururi. Giram 100 na ƙananan 'ya'ya, ruwa lita ɗaya, a filas mai cin lita biyu, awa uku daga lokacin da ɗigon farko ya sauko. An yi zubi biyu: ɗaya 'ya'yan a ɗunƙule, ɗaya an farfasa su a turmin tangaran ana gab da zubawa. Na ɗunƙule ya ba da mililita 0.4, farfasassun suka ba da 1.2.

Dalilin yana bayyana idan aka raba ɗa biyu aka duba da gilashin ƙara girma. A fuskar ciki ta kowane ɓari, inda ya lotsa kamar ƙaramar ƙwarya, akwai siraran layuka biyu masu ruwan ƙasa. Su ne bututun da ke riƙe da man. Daga waje kuwa ɓawo ne mai tauri ya lulluɓe su. Muddin ba a fasa ɓawon ba, ruwa da tururi sai dai su yi ta kewaye. Wannan ya shafi mai jiƙa 'ya'yan a ruwan zafi kamar yadda ya shafi mai na'ura: wanda bai fasa ba, kaɗan ne daga man zai shiga ruwansa.

Manyan 'ya'ya, farfasassu, sun ba da mililita 0.4 kacal. Ba abin mamaki ba ne, an san ƙananan sun fi mai nesa ba kusa ba. Kundin ƙa'idojin magunguna na Turai ya sa mililita 3 a kowane kilo a matsayin mafi ƙarancin abin da za a karɓa, wato manyan namu sun tsallake da ƙyar.

23 ga Janairu

Matsaloli uku suka taso a makon nan, duka daga wuta da ruwan sanyaya.

Da aka niƙa 'ya'yan suka yi laushi kamar gari, sai suka kwanta a gindin filas suka kama. Man da ya fito yana ƙaurin ƙuna, an zubar. Garin kuma ya yi kumfa har ya haura wuyan na'ura. Maganin abin shi ne ɓarza maimakon niƙa, kada ruwa ya wuce rabin filas, a jefa 'yan duwatsun tafasa, wuta kuma ta tsaya inda ruwa ke sauka mililita 2 zuwa 3 a minti.

A zubi na gaba ruwan da ke sanyaya bututu ya ɗumama, ɗakin ya cika da ƙamshi. Ƙamshin da ake ji a ɗaki mai ne da ya tsere. Yanzu ana zuba ƙanƙara a bokitin famfo, ana taɓa saman bututun kowane minti 20.

Ruwan da ke ƙarƙashin man yakan fito fari-fari kamar an ɗiga madara. Linalol, babban sinadarin man, yana ɗan narkewa a ruwa, kusan giram ɗaya da rabi a lita. A na'urar Clevenger ruwan yana komawa filas, saboda haka asarar ba ta da yawa, amma wanda ke tara ruwan a wani mazubi daban zai yi asarar kaso mai tsoka idan bai zuba gishiri ya tilasta wa man tasowa ba. Man da aka kwasa an busar da shi da ɗan sodiyom salfet marar ruwa, an rufe a ƙananan kwalabe masu duhu, an sa a firji a digiri 4. An bar kwalba ɗaya rabin cika a kan tebur kusa da taga, da gangan, za a dawo kanta.

Shukar ta tsiro, kwana 12 bayan shuka.

30 ga Janairu

An ɓarza giram 200 ranar 23. Rabi an tatsa nan take, rabi an baza a buɗaɗɗen faranti har yau. Na yau bai kai kashi biyu cikin uku na wancan ba, kuma ƙamshinsa ya yi lami, kaifin nan mai kama da ɓawon lemo ya tafi. Sinadarai masu sauƙi irin su alfa-pinin ne suke fara gudu. Injin niƙa na lantarki ma yana ɗumama gari. Idan dole ne a yi amfani da shi, a kunna daƙiƙa biyar a kashe, a bari ya huce.

6 ga Fabrairu

An fara duba abin da ke cikin man. Na farko a farantin silika, inda sinadarai ke rabuwa su fito tabo-tabo: an tsarma ɗigo ɗaya a tolwin mililita ɗaya, an ɗiga kusa da linalol tsantsa, an tayar da tolwin da itil asitet 93 da 7, an fesa banilin da asid salfurik, an gasa a digiri 105 na minti biyar. Babban tabo shuɗi ya fito daidai da na linalol, wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon faranti, da ƙaramin tabo can sama inda jeranil asitet ke tsayawa.

GC-MS, na'urar da ke raba sinadarai ta gano kowanne, ta tabbatar. Linalol ya kai kashi 71 cikin ɗari a man ƙananan 'ya'ya. Kundin Turai yana neman 65 zuwa 78, tare da alfa-pinin 3 zuwa 7, kafur 3 zuwa 6, gama-tarpinin 1.5 zuwa 8, da limonin, jeranil asitet, jeraniyol da para-saimin a ƙananan kaso. Duka sun bayyana a namu.

Akwai abin da GC ta yau da kullum ba ta nunawa. Linalol iri biyu ne masu tsari ɗaya, C10H18O, amma ɗaya kishiyar ɗaya kamar hannun dama da na hagu. Na kusbara akasari mai alamar S ne, wanda ke karkata haske zuwa dama, na labanda kuwa mai alamar R ne. Hanci yana bambanta su, jiki ma yana iya bambanta su, saboda haka bai dace a ɗauko sakamakon binciken man labanda a jingina wa kusbara kai tsaye ba, ko da yake ana yawan yin hakan. Nan ne kuma ake kama algus: linalol na masana'anta rabi da rabi ne, ba ya karkata haske, to idan aka gauraya shi da man gaske sai karkatar ta faɗo ƙasa da digiri +7 zuwa +13 da ake nema. Mun tara man zubi shida kafin ya isa cika bututun awon.

20 ga Fabrairu

An yanki ganye, kwana 41 da shuka, kafin kara ya miƙe. Giram 300 na ɗanyen ganye a na'ura bai ba da abin da za a karanta a ma'auni ba, sai wani siririn maiƙo a saman ruwa. An sake da hekzen, ruwan sinadari mai narkar da mai, mililita ɗaya a bututun tarawa don ya kama shi.

Wannan man ba shi da haɗi da na 'ya'ya. Linalol kaɗan ne ƙwarai. Abin da ya cika shi aldehaid ne masu doguwar sarƙa: dekanal, 2-desenal, 2-dodesenal, 2-tetradesenal, da 'yan'uwansu na dangin alkohol. Gwajin DNPH, sinadarin da ke gano aldehaid, ya nuna bambancin a fili: ɗigon man ganye ya sa ruwan ya yi gudaji ruwan lemo nan da nan, man 'ya'ya kuwa da ƙyar ya sauya launi.

Waɗannan aldehaid su ne ke sa wasu mutane jin ganyen kamar sabulu. 2-desenal yana cikin abin da wasu ƙwari masu wari ke fesawa idan an taɓa su. A 2012 wani bincike na kamfanin 23andMe ya danganta ƙin ganyen da wani bambancin gado kusa da OR6A2, ƙwayar halittar da ke gina mai karɓar warin aldehaid a hanci. Gadon yana da hannu, amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba.

Aldehaid ba su da juriya, wannan kuwa ya fi komai muhimmanci ga mai neman magani a ganye. An raba sauran ganyen uku: ɗanye, busasshe a inuwa kwana biyar, busasshe a tanda a digiri 60. Na tanda ya koma kamar ciyawa, na inuwa ya riƙe ɗan abin da ba a rasa ba. Ganyen da aka daka aka bari rabin awa shi ma warinsa ya lafa, domin enzayim ɗin cikinsa suna juya aldehaid zuwa wasu abubuwa. Duk gwajin ganye daga yanzu za a yi shi cikin awa ɗaya da yanka.

5 ga Maris

Man maiƙo. Karon farko an sa ɗanyen gari a Soxhlet, na'urar da ke wanke mai daga gari da hekzen, sai hekzen ya kwaso man ƙamshi tare da shi, nauyin ya haura gaskiya. An koma amfani da dusar da ta rage bayan tatsa, an busar da ita, giram 20 a kurtun takarda, hekzen mililita 200, awa shida, an janye hekzen a digiri 40. An sami kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin, wanda ya dace da abin da aka sani.

Abin sha'awa a nan shi ne asid petroselinik, wanda ke kai kashi 60 zuwa 75 na man. Tagwaye ne da asid oleyik na man zaitun: kabon 18, mahaɗi mai ninki guda ɗaya. Bambancin kawai wurin mahaɗin, na oleyik a kabon na 9, na petroselinik a na 6. Wannan ɗan matsin ya sa petroselinik ba ya narkewa sai wajen digiri 30, shi ya sa man ya yi kauri ya dushe a firji. Ya kuma sa su biyun suka fito a matsayin tudu ɗaya a GC ɗinmu. Wanda bai lura ba zai rubuta cewa man cike yake da oleyik. Sai an sami dogon bututu na mita 100, ko a mayar da su estar butil maimakon metil, kafin su rabu. Mun zaɓi ta biyu. Tarayyar Turai ta amince da wannan man a 2014 a matsayin ƙarin abinci, iyaka miligiram 600 a rana.

19 ga Maris

Gwajin bakteriya, da nau'o'in ma'auni: Escherichia coli ATCC 25922 da Staphylococcus aureus ATCC 25923, a kaurin McFarland 0.5, wato ma'aunin yawan bakteriya a ruwa.

Hanyar faifan takarda, inda ake ɗora takarda mai ɗauke da man a kan agar, wato daskararren abincin bakteriya, a auna da'irar da ba su yi tsiro ba, ta ba mu wahala ba riba. Mai ba ya ratsa agar yadda maganin da ke narkewa a ruwa yake yi, wani kaso kuma yana tashi sama ya taru a murfi. Faranti uku iri ɗaya suka ba da da'ira uku mabambanta. Faɗin da'ira a nan yana auna yadda man ke yaɗuwa ne fiye da yadda yake kisa, don haka mun ajiye hanyar.

An koma faranti mai ramuka 96, ruwan Mueller-Hinton na rainon bakteriya, ana raba ƙarfin man biyu daga kashi 3.2 cikin ɗari zuwa ƙasa, da Tween 80 kashi 0.5 don man ya gauraya. Zagayen farko ya lalace: ramukan da ba a sa musu mai ba su ma ba su yi tsiro sosai ba, saboda tururin man ya ƙetara daga maƙwabta. An rufe kowane faranti da leda mai manne, an bar layi ɗaya fanko tsakanin samfura. Tween ma idan ya yi yawa yana ƙunshe man ya rage masa ƙarfi, don haka ba a wuce 0.5 ba, kuma an ware ramin Tween zalla. Bayan awa 18 a digiri 37 an ɗiga resazurin: ramin da ke da rai ya koma ruwan hoda, wanda babu ya zauna shuɗi. Mafi ƙarancin ƙarfin da ya hana tsiro ya tsaya tsakanin kashi 0.2 da 0.4.

Wannan bai saɓa wa aikin da aka buga a 2011 daga Jami'ar Beira Interior ta Fotugal ba. Sun gwada man a kan nau'o'i 12, suka nuna yana lalata fatar da ke lulluɓe da ƙwayar bakteriya har numfashinta ya tsaya; ya kashe akasarinsu, ban da Bacillus cereus da Enterococcus faecalis. A ɓangaren ganye kuma, Isao Kubo da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley sun nuna a 2004 cewa 2-dodesenal yana kashe Salmonella choleraesuis a maikrogiram 6.25 cikin mililita. Sinadarin tsantsa suka gwada a kwalba, ba ganye a cikin hanji ba.

2 ga Afrilu

An tsinki 'ya'ya kore shar daga tukwane biyar. Warinsu na ganye ne, kuma DNPH ya ba da gudaji. Linalol yana hauhawa ne yayin da 'ya'yan ke nuna, aldehaid suna ja da baya. 'Ya'yan da aka girbe da wuri, ko an busar da su, ba za su ba da man da ya cika ƙa'ida ba.

9 ga Afrilu

Fenol da filabonoid, daga jiƙon itanol kashi 70. Gwajin Folin, mai auna yawan fenol, a nanomita 765, na DPPH, mai auna ƙarfin hana iskar oksijin lalata abu, a 517. Ganye ya fi 'ya'ya a duka biyun, kamar yadda aka sha samu. A cikinsa akwai kwasetin, rutin, asid kafeyik da kulorojenik. Ba mu ɗora wa lambar Folin nauyi ba, domin bitamin C da wasu nau'o'in suga ma suna sa ruwan ya yi shuɗi, ganye kuwa yana da bitamin C. Kashe launin DPPH a kwalba kuma bai nuna abin da zai faru bayan hanji da hanta sun sarrafa sinadarin ba.

23 ga Afrilu

Makon nan babu na'ura. An zauna an jera kowane iƙirari kusa da irin hujjar da ke bayansa.

Kumburin ciki da rashin son abinci su ne suka fi tsayuwa da ƙafafunsu. Hukumar Commission E ta Jamus, mai tantance magungunan tsirrai, ta amince da 'ya'yan don wannan, giram 3 a rana. Mun yi lissafi a kan wannan adadin: giram 3 na ƙananan 'ya'yanmu suna ɗauke da man ƙamshi kusan miligiram 30, linalol kusan 21. Ko da duka ya shiga kofi mai mililita 150, abin da ba ya faruwa, ƙarfinsa kashi 0.02 ne cikin ɗari. Mafi ƙarancin abin da ya hana bakteriya tsiro a farantinmu ya ninka haka sau goma, tun kafin ruwan ciki ya ƙara tsarma shi. Jiƙon zai iya kwantar da ciki, amma ba zai maye gurbin maganin taifot ko na gudawa mai jini ba, kuma jinkirin da irin wannan zato ke jawowa yana iya cin rai.

Ciwon suga: Gray da Flatt sun nuna a 1999 cewa kusbara ta rage sugan ɓerayen da aka sa wa cutar, ta kuma ƙara fitar insulin a ƙwayoyin da aka raina a kwalba. Sai dai giram 62.5 aka sa a kowane kilo na abincinsu, ban da wanda ke cikin ruwan shansu. Babu mai cin kusbara haka. Saukar hawan jini, sa fitsari da rage fargaba su ma akasarin hujjarsu daga ɓeraye take. Kada mai shan maganin suga ko na hawan jini ya ajiye shi saboda wannan.

Farfaɗiya: a 2019 Manville da Abbott na Jami'ar Kalifoniya ta Irvine sun gano 2-dodesenal yana buɗe ƙofofin fotasiyom masu suna KCNQ, irin na ƙwayoyin jijiya, ya kuma jinkirta bugun farfaɗiya a ɓeraye. Aiki ne mai kyau ƙwarai, domin ya nuna sinadari da wurin da yake kamawa. Amma wannan shi ne sinadarin da muka ga yana ɓacewa a busasshen ganye, kuma babu shi a nunannun 'ya'ya.

Fata ce wurin da aka gwada a jikin mutane da ƙarfin da ya isa. A 2013 an buga wani ƙaramin gwaji daga Jamus, mutum 40 masu cin ruwa na tsakanin yatsun ƙafa wanda fangas ke haddasawa, da man shafawa mai kashi 6 na man kusbara, sau biyu a rana har kwana 28, kuma an ga sauƙi. Ƙaramin gwaji ne, amma hanyarsa ta dace da abin da kimiyyar man ke nunawa.

Maganar cewa ganyen yana fitar da dalma da zaiba daga jiki ita ce mafi rauni, kuma ita ta fi yawo. Mun cire ta daga jerin abin da za mu bi. Wanda ake zargin dalma ta shiga jininsa gwajin jini yake buƙata.

7 ga Mayu

An buɗe kwalbar da aka bari kusa da taga tun Janairu. Man ya yi rawaya, ya ɗan yi kauri, ƙamshin ya koma kamar na tsohon fenti. A GC gama-tarpinin ya ragu, para-saimin ya ƙaru, ga kuma oksaid na linalol da ba su da yawa a na firji. Takardar gwajin feroksaid ta yi shuɗi. Linalol sabo bai cika damun fata ba, amma idan iska ta taɓa shi yana haifar da haidrofiroksaid, waɗanda sanannu ne wajen jawo ƙaiƙayi da borin fata. Duk man da za a sa a abin shafawa sai an gwada feroksaid ɗinsa tukuna, a kuma ajiye shi a cikakkiyar kwalba, cikin sanyi da duhu.

An ƙara abu uku a takardar gargaɗi. Ɗanyen ganye yana da bitamin K kusan maikrogiram 310 a giram 100, saboda haka mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, kada ya ƙara yawan cinsa farat ɗaya. Mai borin seleri ko shammar yana iya yin borin kusbara. Man ƙamshi tsantsa kuma ba na sha ba ne, ba kuma a shafa shi ba tare da an tsarma ba.

An girbe sauran tukwanen ranar 30 ga Afrilu da sassafe, da raɓa a jikinsu don kada 'ya'yan su zube, lokacin da fiye da rabin kawunan suka koma ruwan ƙasa. Suna rataye a inuwa cikin jakar takarda. Idan sun bushe za a tatsa su a kwatanta da koren na 2 ga Afrilu. Bayan haka sai awon linalol a jiƙon giram 3, farfasasshe da ɗunƙulalle, a rufe da a buɗe, a minti 5, 10 da 15, sannan gwajin man a kan nau'o'in fangas biyu, Trichophyton rubrum da Candida albicans, a faranti mai ramuka.